Idan Matashi Ya Kamu da Kansar Ƙwaƙwalwa: Tambayoyi da Amsoshi ga Dangi, Maƙwabta da Abokai a Zariya

Waɗannan tambayoyi na waɗanda ke kewaye da gidan da ake jinya ne: kawunnai da gwaggonni, maƙwabtan layi, 'yan majalisa, abokan karatu, 'yan ƙungiyar masallaci ko ta coci. Su ne kan taso idan aka ce an ga ƙari a ƙwaƙwalwar saurayi ko budurwa. Maganar wane magani za a yi ta likitan da ke riƙe da fayil ce. Abin da ke nan shi ne wanda ya rage a hannun jama'a, kuma ba kaɗan ba ne.

An ce ɗan maƙwabcinmu yana da ƙari a ƙwaƙwalwa. Kansa ce ke nan?

Ba lallai ba. Ƙarin da ke fitowa a cikin kai iri-iri ne. Akwai mai tsirowa a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, akwai na ƙwayar fitutari da ke ƙasanta, kuma yawancin waɗannan ba kansa ba ne. Akwai kuma masu fitowa daga naman ƙwaƙwalwar kanta, waɗanda likitoci ke kira giliyoma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa ƙarin ƙwaƙwalwa mataki 1 zuwa 4, ta kuma sabunta rabe-raben a 2021. Na 1 da na 2 a hankali suke girma, na 3 da na 4 kuwa da sauri. Mafi tsananinsu, giliyobilastoma, ya fi kama waɗanda suka manyanta. A cikin matasa an fi samun masu girma a hankali, kuma akwai waɗanda ke yin shekaru bayan magani suna karatunsu da sana'arsu.

Hoton MRI yana nuna inda ƙarin yake da girmansa, amma bai isa a yanke hukunci da shi ba. Sai an ciro yanki an kai ɗakin gwaji, sakamakon kuma yakan ɗauki makonni. Kafin ya fito, kada kowa ya riƙa yawo da sunan cuta a unguwa. Sai dai kuma jin cewa "ba kansa ba ce" ba dalilin sakin jiki ba ne. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, don haka duk abin da ya girma a ciki zai danne na kusa da shi.

Me ke jawo ta? Ana ɗauka? Wasu na cewa yawan riƙe waya ne.

Ba a ɗauka, ko ta kwano, ko ta numfashi, ko ta yawu, ko ta wankin kayan mara lafiya. A yawancin masu ita ba a gano wani dalili guda. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin kaɗan ne: gashi, wato magani da hasken na'ura, da aka taɓa yi wa mutum a kai a baya, da wasu cututtukan gado da ba a cika samu ba. Manyan binciken da aka yi a ƙasashe da dama ba su tabbatar da cewa wayar salula tana jawo ta ba.

Abin da ya fi damuna a wannan tambaya shi ne inda takan ƙare, wato kan uwa. "Da kin kai shi da wuri." Alamomin farko su ne ciwon kai mai tsanani da safe, amai, gani bibbiyu, sanyin hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya. Wace uwa ce a Zariya ba za ta fara tunanin zazzaɓin cizon sauro ko taifot ba? Har ma'aikatan lafiya sukan fara da nan. Wanda ya ji ana wannan magana a gidan jinya ya kashe ta nan take.

Gwaggonsa ta dage cewa jifa ne ko iska, tana so a fitar da shi daga asibiti a kai shi wajen malam. Yaya za mu yi da ita?

Kada a yi mata dariya, kuma kada a yi faɗa. Abin da ta gani ya isa ya tsorata kowa: yaro lafiyayye ya faɗi yana jijjiga, ya tashi yana magana ba kan gado, ko mai kunya ya koma zagin mutane. Ƙari da ke ɓangaren goshi yana canza hali, wanda ke kusa da wurin magana yana harɗe harshe, kowane iri kuma yana iya kawo farfaɗiya. A roƙi likita ya nuna mata hoton da idonta, ya nuna mata inda abin yake.

Addu'a da ruƙiya ba sa bukatar a cire mutum daga gadon asibiti. Malam yana iya zuwa ya yi tofi ya tafi. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma neman magani ba ya warware tawakkali. Abubuwa uku ne ba za a yarda da su ba ko daga bakin wa suka fito: a ce a daina shan maganin farfaɗiya, a ɗaga ranar tiyata, ko a riƙa yi masa hayaƙi da duka da sunan fitar da aljani. Idan maganarku ba ta shiga, ku nemi limamin unguwa ya ce mata, "Hajiya, a haɗa biyun." Sau da yawa daga bakinsa za ta karɓa.

A ina ake maganin, kuma tsawon wane lokaci za mu shirya wa?

Mutanen Zariya suna da sauƙi ɗaya: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, yana kuma da sashen kansa da gashi. Wanda ya fara zuwa asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko na Wusasa, can za a tura shi da takarda.

Yawanci tiyata ake fara yi, a cire abin da za a iya cirewa ba tare da an taɓa wurin magana ko motsi ba. Idan ruwa ya taru a kai, wani lokaci akan sa siririn bututu da zai riƙa zubar da shi zuwa ciki. Bayan rauni ya warke sai gashi, idan irin ƙarin yana bukata. Ba wuta ake sa wa mutum ba. Haske ne daga na'ura, ba ya zafi a lokacin, kuma wanda aka yi wa ba ya cutar da na kusa da shi. Ga ƙari mai tsanani, tsarin da aka fi bi tun 2005 shi ne gashi sau 30, Litinin zuwa Juma'a har mako 6, tare da ƙwayar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, mai suna temozolomaid kullum. Bayan ɗan hutu sai a ci gaba da ƙwayar kwana 5 a cikin kowane kwana 28, har zagaye 6.

Ku lissafa da kanku: in an haɗa da tiyata da jiran rauni ya warke, an tasam ma wata tara. Na'urorin gashi kuma kaɗan ne a ƙasar nan, don haka akan tura mutum wani gari, kamar Asibitin Ƙasa da ke Abuja, ko asibitin koyarwa na Sakkwato, ko Legas. Mako shida a garin da ba naka ba yana nufin masauki, abinci da kuɗin mota na mutum biyu aƙalla.

Muna so mu tara gudummawa. Ta ina za mu fara?

Ku fara da neman izini. Ku je wajen mahaifin, ku zauna a zaure, a ce, "Baba, mun ga nauyin ya yi yawa, muna so mu sa hannu. Yaya kake so a yi?" Akwai magidancin da zai gwammace ya sayar da gonarsa da a ji sunansa a lasifikar masallaci. Irin wannan sai a tara a cikin dangi da aminai kawai, ba tare da sanarwa ba. Idan majinyacin yana cikin hayyacinsa, shi ma a tambaye shi. Ba yaro ba ne.

Sannan a naɗa mutum uku: ɗaya daga dangin uba, ɗaya daga dangin uwa, ɗaya daga waje, kamar liman, fasto ko dattijon da unguwa ta yarda da shi. Asusu ɗaya tak za a yi amfani da shi. A sayi littafi, a rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, a adana kowane rasit. Kowane wata a tura taƙaitaccen lissafi ga waɗanda suka bayar. Wasu na ganin wannan kamar rashin yarda ne. A'a, kariya ce ga mai riƙe kuɗin. Jinya mai tsawo takan gajiyar da mutane, in an gaji kuma sai zargi, kuma an sha ganin 'yan uwa sun daina gaisawa a kan kuɗin asibiti.

Abin da na fi so a riƙe shi ne wannan. A makon farko kowa yana nan, kuɗi na shigowa, gida ya cika. A wata na huɗu, lokacin da ake sayen ƙwayar kemo ana kuma biyan sabon hoto, wayar uban ta daina ƙara. Don haka alkawarin wata-wata ya fi kyautar rana ɗaya amfani, ko da kaɗan ne. Mutum talatin da kowannensu ya ɗauki abin da ba zai gagare shi ba duk ƙarshen wata, kamar yadda ake zubin adashi, sun fi attajiri ɗaya da ya ba da mai yawa sau ɗaya ya ɓace. A samu mai tunatarwa wanda ba ya jin nauyin buga waya.

Kuma a hana gidan sayar da abin da suke ci da shi tun da wuri. Keke napep, keken ɗinki, rumfar kasuwar Sabon Gari ko gonar da ake nomawa, su ne na ƙarshe da za a taɓa, domin bayan jinya akwai sauran 'ya'ya da za su ci abinci.

Ya dace a sa hotonsa a Facebook da WhatsApp?

Sai da yardarsa. Idan ya yarda, a sa hoton da shi kansa zai so a gani, ba wanda yake kwance da bandeji da robar hanci ba. Ga budurwa abin ya fi nauyi, domin hoton zai daɗe yana yawo bayan ta warke. Kada a sa takardun asibiti masu ɗauke da cikakken suna da lambar fayil. Wanda yake son tabbaci ya kira ɗaya daga cikin mutum ukun nan. Akwai masu kwafe irin wannan sanarwa su canza lambar asusu, don haka a rubuta sunan mai asusun ƙarara, a kuma sanar idan an rufe karɓa.

Babu wani tallafi na gwamnati ko inshora?

A bincika, amma kada a jingina da shi kaɗai. Gwamnatin tarayya ta fara wani asusun tallafa wa masu kansa a 2021, kuma asibitin Shika yana cikin asibitoci shida da aka fara da su, sai dai ya fara ne da kansar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Wanda ke da inshorar lafiya ta hukumar NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, ko ta KADCHMA ta jihar Kaduna, ya je ofishin inshora na asibiti ya ji abin da za ta ɗauka na gwaje-gwaje, gado da magunguna. Ɗalibin jami'a ko na kwaleji ya tambaya a asibitin makarantarsu game da inshorar ɗalibai. Asibitocin koyarwa suna da sashen jin daɗin marasa lafiya, inda ake duba halin masu ƙaramin ƙarfi. A wakilta mutum ɗaya mai haƙurin bin ofis-ofis ya riƙe wannan aiki.

Za a iya ba su zakka?

Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, daga ciki akwai faƙirai, miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu. Gidan da jinya ta cinye abin hannunsu, ko suka ci bashi don tiyata, suna iya shiga ciki ko da a da suna da rufin asiri. A tambayi malami a kan halin gidan takamaimai. A kai musu cikin sirri.

Ni ba ni da kuɗi. Me zan iya yi?

Da yawa. Tiyatar ƙwaƙwalwa tana bukatar a tanadi jini, kuma dangi ake cewa su kawo masu bayarwa. Mai lafiya daga shekara 18 zuwa 65, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa. 'Yan majalisa guda ko 'yan aji ɗaya sun isa su sauke wa gida wannan nauyi a wuni ɗaya.

Daga cikin Birni, Gyallesu ko Tudun Jukun zuwa Shika tafiya ce, sai an ratsa Kwangila da Samaru, kuma mai ciwon kai da jiri bai kamata a ɗora shi a babur ba. Mai mota ko mai keke napep da zai ce "ranar Talata tawa ce" ya yi babban taimako. Mai gida a Samaru ko Shika ya ba masu jinya wurin wanka da kwana. Mai ɗan uwa a Abuja ya nema musu ɗaki idan an tura su gashi.

Mata su raba kwanakin girki: yau kular wannan gida, gobe ta wancan, a haɗa da fulas ɗin kunu da ruwan zafi. Kada a manta da yaran da aka bari a gida; su ma suna bukatar tuwon dare, da mai raka su makaranta da Islamiyya. Akwai bin layin biyan kuɗi, karɓo sakamakon gwaji, neman magani daga wannan kemis zuwa wancan, wanki, ɗebo ruwa.

Kada ka ce, "In akwai abin da ake bukata a gaya mini." Ba za a gaya maka ba, kunya ba za ta bari ba. Ka ce, "Inna, gobe da safe zan zo in kai su Ummi makaranta," sannan ka zo.

Yaya ake dubiyar irin wannan majinyaci?

A taƙaice, da murya ƙasa-ƙasa, mutum biyu ko uku a lokaci guda. Hayaniya da haske mai ƙarfi suna tayar masa da ciwon kai. A gaishe shi shi kansa, ba a tsaya a kansa ana tambayar uwarsa "ya mai jiki?" kamar ba ya ji ba. "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne" ya wadatar. Mai mura ko tari ya haƙura ya buga waya, musamman lokacin kemo, domin garkuwar jiki takan yi ƙasa.

Abubuwan da ba a yi: kuka a gabansa, ba da labarin wane da irin wannan ciwo ya kashe, tambayar nawa aka kashe zuwa yanzu, ɗaukar hoto, da zama har a kawo abinci. Gidan jinya bai kamata ya koma yi wa baƙi hidima ba. Ya kamata a samu wani kawu ko yaya mai kwarjini da zai tsaya a ƙofa ya ce, "Yana barci, za a gaya masa kun zo." Wanda aka mayar kada ya yi fushi.

Idan jijjiga ta kama shi muna wurin fa?

A kwantar da shi a ƙasa, a janye duk abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a juya shi ta gefe. Kada a danne shi. Kada a cusa masa cokali, yatsa ko tsumma a baki. Kada a ɗura masa ruwa, rubutu ko magani har sai ya farfaɗo sosai. A duba agogo: idan ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, a tafi asibiti nan take. Yawunsa ba ya sa wa kowa farfaɗiya.

Duk wanda ke zama da shi ya san wannan, har ƙannensa. Kuma har sai likita ya ba da izini, babu tuƙi, babu hawa babur shi kaɗai, babu ɗiban ruwa a rijiya ko tsayuwa kan wuta.

Iyayen sun ce kada a gaya masa abin da ke damunsa. Daidai ne?

Tausayi ne ya sa su, amma a ganina ɓoyewa ba ta cika yin amfani ba. Mai shekara 25 da waya a hannunsa, wanda ake kaiwa sashen da aka rubuta sunan cutar a ƙofa, ya riga ya sani ko yana zargi. Abin da ɓoyewar ke jawowa shi ne ya zauna da tsoronsa shi kaɗai, yana yi wa iyayensa kara, su ma suna yi masa. Kuma shi ne zai sa hannu a takardar tiyata. Yana iya samun bashin da yake so ya biya, ko wanda yake so ya nemi gafararsa, ko wasiyya.

Ba a ce a zube masa komai a zama ɗaya ba. A tambaye shi: "Kana so likita ya yi maka bayani duka, ko ka fi so ya yi wa Baba?" Akwai wanda zai ce a gaya wa Baba kawai, kuma wannan haƙƙinsa ne. Mai dubiya kuwa ba aikinsa ba ne ya fasa maganar.

Ya yi ƙiba, fuskarsa ta kumbura, ga faɗa da cin abinci ba ƙaƙƙautawa. Ciwon ne ke ƙaruwa?

Sau da yawa maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa ne, deksametason. Yana buɗe ciki, yana kumbura fuska, yana hana barci, yana sa saurin fushi, yana kuma iya ɗaga sukarin jini. Ba a daina shi kwatsam; likita ne ke rage shi sannu a hankali. Idan ya yi wa wani tsawa, a bar shi a matsayin ciwo, kada a riƙe. Amma barcin da ba a iya tashinsa, amai mai yawa, sabon rauni a hannu ko ƙafa, ko zazzaɓi lokacin kemo, waɗannan na komawa asibiti ne a ranar.

Mu abokansa ne. Mun rasa abin da za mu ce masa, har mun fara ja da baya.

Ya lura. Matashi mai wannan ciwo yana kallon sa'o'insa suna kammala karatu, suna tafiya bautar ƙasa, ana ɗaura musu aure, shi yana kwance an aske masa rabin kai. Ba jawabi yake jira daga gare ku ba. Ku zo ku kalli ƙwallo tare, ku kawo masa labarin majalisa, ku yi masa tsiyar da kuka saba. Kada a cire shi daga zauren WhatsApp na aji.

Idan ɗalibi ne, a Samaru ko Kongo, ko Nuhu Bamalli, ko kwalejin ilimi, ɗaya daga cikinku ya bi masa takardar jingine karatu da shaidar likita tun kafin jarrabawa ta wuce, don kada a rubuta masa faɗuwa. Idan mai sana'a ne, a samu amintacce ya riƙe masa shago. In kuma akwai maganar aure a ƙasa, a bar shi da yarinyar da iyayensu su yanke abin da za su yanke, ba tare da 'yan ba-da-shawara ba. Abu ɗaya da ya kamata su tambayi likita kafin a fara kemo shi ne batun haihuwa, domin maganin yana iya shafarta, kuma ba a son a ɗauki ciki ana cikin shansa.

Mahaifiyarsa ta rame, ba ta barci, kuma ta ƙi yarda kowa ya karɓe ta.

Haka yawancinsu suke. Kada a ce mata "ki je ki huta", ba za ta tafi ba. A ce, "Yaya, je ki yi wanka ki yi salla ki ɗan kishingiɗa, ina nan har la'asar, in ya motsa zan kira ki." Da sa'o'i ake farawa kafin a kai ga kwana. A duba ko tana shan maganinta na hawan jini ko sukari, domin masu jinya su ne na farko da ke mantawa da nasu. Idan majinyacin namiji ne, maza su ɗauki wanka da kai shi bayi. Ya fi masa sutura. Idan matar aure ce ke jinyar mijinta, ga goyo, dangin miji su tuna ita ma 'yar wani ce.

Uban ma a duba shi. Shi ba zai yi kuka a gaban kowa ba, sai dai a ga yana zama shi kaɗai bayan sallar isha.

Wani ya kawo maganin gargajiya, wani kuma ya ce a fita da shi Indiya ko Masar.

Duk abin da za a sha, a nuna wa likita tukuna. Wasu jiƙe-jiƙe suna wahalar da hanta da ƙoda, wasu suna rage ƙarfin maganin farfaɗiya, wasu suna tsinka jini gab da tiyata. Wanda ya ce yana warkar da kansa cikin kwana kaɗan, a biya shi tukuna, kuɗin yake so.

Fita waje kuwa, a fara tura hotuna da sakamakon gwaji, a samu amsa a rubuce daga asibitin can: me za su yi wanda ba a yi a nan, kuma nawa ne gaba ɗaya. A nuna wa likitan Shika amsar. Wani lokaci tafiyar tana da amfani. Wani lokaci kuma maganin da za a bayar can shi ne wanda ake bayarwa nan, sai dai a dawo ba gida ba gona. A yi hattara da dillalan da ke cin kamasho a kan kowane majinyaci.

Likitoci sun ce babu sauran maganin warkewa, a koma gida. Me ya rage mana?

Kulawa ba ta ƙare ba, manufarta ce ta canza: a hana shi jin zafi, a kiyaye masa mutuncinsa. A nemi likita ya rubuta maganin ciwo mai ƙarfi, har da mofin idan ana bukata. Ba shi ke kashe mutum ba idan an bi ƙa'ida, sai dai yana sa taurin bayan gida, don haka a tambayi abin da za a haɗa da shi. A ci gaba da maganin farfaɗiya. A riƙa juya shi duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya fito. Idan haɗiya ta yi wuya, kada a yi masa ɗura. A jiƙa masa leɓe, a ba shi kaɗan-kaɗan yana zaune.

A nan ne unguwa ta fi amfani. Ana bukatar katifa mai kyau, keken guragu na aro, pampas na manya, sabulu, fitila mai caji, da nas ɗin unguwa da za ta riƙa leƙowa. Ana bukatar masu kwana bi da bi. Salla yana yin ta yadda ya iya, a zaune ko a kwance, azumi kuma an ɗauke wa mara lafiya. A riƙa yi masa magana da karatu a hankali ko da ba ya amsawa.

Idan kuɗi ya yi saura, ko kuma bashi ya rage, yaya za a yi?

Idan an sallame shi da sauƙi, kada a rufe littafin da wuri: za a riƙa komawa ganin likita da ɗaukar hoton MRI lokaci-lokaci har shekaru, ga maganin farfaɗiya, wani kuma yana bukatar gashin ƙashi ko koyon magana. Idan Allah ya yi masa rasuwa, mutum ukun nan su zauna da iyalin bayan an share makoki, a fara biyan bashin asibiti, na kemis da na mutane. In bashin ya fi abin da ke hannu, a ci gaba da karɓar alkawarin wata-wata har a sauke shi. In kuma an samu saura, a bi abin da aka shaida wa masu bayarwa tun farko: ko a bar wa matarsa da 'ya'yansa, ko a miƙa wa wani majinyacin. Shi ya sa ake so a rubuta wannan sharaɗi a shafin farko na littafin tun ranar da aka buɗe asusun, mutum ukun su sa hannu.